Yatsu Tamanin da Uku

Shekara ashirin da shida Mai Aski ya yi a shago guda: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, da benci mai ɗaukar mutum biyar in babu mai tumbi a ciki. Shagon yana ƙarshen gangaren layi, daidai bakin kwata. Duk sanda aka yi ruwa mai ƙarfi, kwatar da ta cushe da leda da robobi sai ta yi amai, kuma ba ta san ƙofar kowa ba sai tasa. Bara ta ci masa injin aski biyu. Mai gidan da yake haya ya rantse in aka sake, zai toshe ƙofar da bulo ya huta, Mai Aski ya nemi wani wuri.

A da bencin nan majalisa ce guda. A nan ake naɗa shugabanni a tuɓe su, a nan ake sanin wanda matarsa ta kora waje. Yanzu kuwa kowa ya shigo sai ya kifa kai a waya. Mai Aski yakan ce abin ya rage masa aiki, tunda ba sai ya ce wa kowa "sunkuya" ba. Ƙarya yake. Shirun yana cin ransa, don shi mutum ne da in bai yi surutu ba har kansa ke ciwo.

Da ya ga mutane sun koma cikin waya, sai ya bi su can. Ya buɗe guruf na 'yan layi, ya naɗa kansa admin ba tare da zaɓe ba, ya shiga aika saƙon murya mai minti tara-tara. Ya kalli bidiyon yasar kwata har ya fi injiniya bayani. Da hadari ya fara haɗowa ya rubuta: "Ranar Asabar da safe za mu yashe kwata. Wanda zai zo ya ɗaga yatsa."

Kai, yatsu suka yi ta zubowa! Ya ƙirga sau uku, tamanin da uku cif. Ya je ya aro shebur ashirin da baro biyu, ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai.

Matarsa ta leƙa wayar ta taɓe baki. "Baban yara, wannan yatsan na cikin waya, ka taɓa ganin ya ɗauki ko tsintsiya?"

"Ke dai ba ki san zamani ba," in ji shi.

Asabar ta zo. Mutum ɗaya tak ya bayyana, Mai Faci, wanda wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba ya ma cikin guruf ɗin, da baki aka gaya masa. Sauran suka yi ta aiko da "muna tare" da "Allah ya ba da sa'a." Tela, maƙwabcinsa na shekara goma sha biyar, ya fito bakin shagonsa ya ɗauke su bidiyo suna fama da taɓo su biyu, ya saka a guruf, shi ma ya kwashi yatsunsa. Zuwa azahar bayan Mai Faci ya riƙe, kwata kuwa ko gezau. Mai Aski ya mayar da shebur goma sha takwas da ko ƙura ba su taɓa ba. Wallahi ya ji ciwo, har abinci ya kasa ci.

Ranar Litinin sai ga Tela ya shigo aski, ko kunya babu. Ya zauna, ya kifa kai a waya. Mai Aski ya ɗaura masa zane a wuya, ya kwashe gashin dama tas har fata tana ƙyalli, sannan ya kashe inji ya rataye.

Tela ya ɗago. "An ɗauke wuta ne?"

"Wuta na nan. Ragowar sai Asabar, bayan an gama kwata."

"Haba yaya! Haka zan fita?"

"Ai na ɗaga maka yatsa," in ji Mai Aski, ya nuna masa babban yatsansa a madubi. "Muna tare."

Tela ya ruga wurin ɗayan mai askin layin, ya manta ƙanin Mai Aski ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma an riga an ja masa kunne. Kafin labari ya bazu, mutum goma sha ɗaya sun faɗa tarkon, har da malamin makaranta da direban da ya fi kowa aiko da "muna tare." Duk laifin waya ne: babu wanda ke kallon madubi sai ya ji inji ya yi shiru. A makon nan aka ga hula a kan mutanen da ba su taɓa saka ta ba.

Asabar ta biyu masu rabin aski sun zo, suna zagi amma sun zo, wasu har da ƙannensu don a gama da wuri. Suka zaƙulo leda, taya, katifa guda, da wani takalmi da direba ya rantse nasa ne. Ana cikin kwashe baro na ƙarshe ruwa ya tsuge. Suka dunguma cikin shago, suka tsaya a ƙofa suna kallo, ruwan ya zo da gudu, ya bi kwata ya wuce abinsa.

Aka jeru a benci ana jiran ragowar aski. Hannun kowa taɓo ne, don haka babu wanda ya iya taɓa waya. Malamin makaranta ya cire hula, aka kwashe da dariya, ya ce Tela ya cire tasa a gani, musu ya kaure kan wanda rabinsa ya fi muni. Mai Aski ya juya musu baya yana goge inji, ya daɗe yana gogewa, don idonsa ya kawo ruwa kuma ba ya son a gani. Rabon da ya ji bencin nan da hayaniya haka har ya manta.

Tela ya haye kujera. "To yaya, a ƙarasa mini."

"Sauka," in ji Mai Aski. "Mai Faci ne farko."