Fitilar da Na Haɗa Ba Makunni

Ni na haɗa wayoyin fitilar da ke kan motar likitan garinmu, kuma ba a jima ba aka kwantar da ni a bayan motar. Har yanzu ban yi arba'in ba. Idan shuɗin haskenta ya gifta ta saman katangarmu sai in ji kamar nonona ma zai ɗauke.

Bana damina ta yi gardama, ruwa ya tsaya hatsi na shirin fidda kai. Mijina ya tafi ci-rani Najeriya tun kafin kaka, ni kuma aka maido ni gidanmu goyon ciki, don cikin fari ne. Sojoji sun karɓi mulki, an ɗaura igiya a hanyar Mayahi ana binciken motoci saboda masu fita da hatsi. Yayana shi ne direban motar likita, kullum yana hanya da yara masu tamowa. Sai jirofar ɗinsa ya mutu, wato fitilar nan mai walƙiya ta kan rufi. Tun daga nan in ya isa igiya sai ya bi layi a bayan manyan motoci kamar kowa, yaro na numfashi sama-sama a bayansa.

Wata safiya ya kwance ta ya dire mini a kan tabarma.

"'Yar boko, ga ranarki. Mu ga amfanin kolej ɗin Tasawa da kika ishe mu da shi."

Inna tana tankaɗe ta ce, "Mace da ciki tana wasa da wuta? Kai, ɗauke mata tarkacen nan."

Ban bari ya ɗauke ba. Na gaji da zama, kuma tun ina ƙarama ba rediyon da ya tsira daga hannuna a gidan nan. Akwatin makunnin ya ƙone ƙurmus, ba abin da za a tsinta a ciki. Fitilar kanta lafiya lau, kawuna biyu, hagu da dama, kowane da wayoyi huɗu: ja, baƙa, rawaya, fara. Yaya ya ciro batirin babur. Ja da baƙa ba su ba ni wuya ba, ina taɓa su haske ya tashi har Inna ta yi salati. Rawayar na ji tsoro, don ban san ko za ta ƙone komai ba. Na rufe ido na goga ta a kan baƙar, sai walƙiyar ta sauya taku. Na sake gogawa ta sake sauyawa. Farar ce ta hana ni sukuni. Na taɓa ta nan, na taɓa ta can, shiru. Sai washegari ina kallon maƙwabtanmu suna daka tunanin ya zo mini, na haɗa farar hagu da farar dama. Nan take suka daidaita, wannan ya haska wancan ya karɓa, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya.

Saura makunni, kuma babu shi a garinmu. Na ce wa Yaya mu ɗaure jar wayar a kan ta kontak, wato ta makullin mota, yana murɗa makulli fitila ta kama.

"To in ina son kashewa fa?"

"Ka kashe mota mana."

Muka yi dariya. Ni da kaina na zaɓi takun da ya fi sauri, wanda ko da rana tsaka sai ka waiwaya.

Naƙuda ta kama ni ranar kasuwa da safe. Na yi abin da aka koya mana: na danne, na yi shara, na shiga ɗaki na ciji zane. A wajenmu mai haihuwar fari ba a jin muryarta, ba a ma so a san ta fara sai an ji kukan jariri. Bayan azahar Inna ta gane, ta kira ungozoma. Ungozoma ta taɓa cikina ta aika a kira sajfam, wato ungozomar likita. Ita ma ta taɓa, ta ce ɗan a gicciye yake, sai Mayahi, sai aiki.

An idar da la'asar Yaya ya tsaya a ƙofar gida. Daga inda nake kwance na ga haskena yana dukan bangon zaure, hagu, dama, hagu, dama. Sai na tuna hanya. Hanyar fita ɗaya ce, ta ƙofar masallaci, inda Baba ke zama da dattawa bayan salla. Kuma surukina ya zo kasuwa daga garinsu, Sarkin Hausa, da safe na ji gaisuwarsa a zaure.

Na ce ba zan shiga ba, wannan walƙiyar shela za ta yi musu.

"Yaya, don Allah ka cire jar wayar. Tana ƙarƙashin wurin makulli, na naɗe ta da baƙar roba."

Ya fita da gudu, ya dawo. "Ja nawa ne a wurin! In na ciro ta mota ta ƙi tashi fa?"

Ina murƙususu ina yi masa kwatance, ta hagu, mai kauri, bayan fizibil, wato fis. Sajfam ta dafa goshina ta ce, "Madam, wayar ko ɗan? Ba ni da lokacin duka biyu." Inna ta miƙe. Ta yaye zanen gado ta lulluɓe ni har kai, ta ce wa matan da suka taru, "Ku kama."

Ta cikin zanen ina ganin shuɗin yana kamawa yana saki. Na ji hirar ƙofar masallaci ta tsaya cak. Wani tsoho ya ce, "Allah shi raba lahiya," aka amsa, kuma a cikin masu amin na tsinci muryar surukina. Daidai nan ciwon ya murɗo, ihun da na riƙe tun safe ya ƙwace mini, tagar mota a buɗe.

A igiya Yaya bai taka birki ba. Daga baya ya ce sojan ya hango mu tun daga nesa ya saki igiyar ƙasa. An yi mini aiki, an ciro ɗiya mace da ranta. Ban tambayi kowa abin da zai faru da ya tsaya neman wayar ba. Da kaina nake lissafa shi idan ina kallon ta tana barci.

Da muka dawo matan barka ba su raga mini ba. "Ga mai fitila nan! Mu a bayan ɗaki muka haihu ko kaza ba ta ji ba, ke har da walƙiya da sanarwa." Ina dariya tare da su, kunya na ci na. Baba in ya shigo sai in juya bango. Surukina ya aiko da gaisuwa ranar suna, na kasa ko amsa wa ɗan aiken.

Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu ta jira ɗaki ya watse, ta matso kusa da ni. Ɗiyarta ma cikin fari gare ta, watanta ya kama.

"Ta rantse gara ta mutu a ɗaki da ta shiga motar yayanki. Tun ran da ta ga an hita da ke take hwaɗi. Ke kika ɗaure abin nan, ɗiyata, ke za ki kwance."

Na aika wa Yaya. Ya samo ƙaramin makunni irin na fitilar babur wurin wani ɗan kasuwa da ya zo daga Tasawa. Jiya ya manna motar a bakin zaure don kada a gan ni a waje, Inna ta riƙe jaririyar tana mita. Na shiga a hankali saboda ɗinkin, na sunkuya ƙarƙashin wurin makulli. Wayar tana nan inda na faɗa masa, ta hagu, mai kauri. Ƙusar makunnin ta yi ta faɗuwa Yaya na tsinto mini. Na yanke jar wayar na sa makunnin a tsakani.

Na ce masa, "Cikin gari a kashe. Kana wuce rumbunan ƙarshe ka kunna, kuma ko wa ya roƙe ka kada ka sake kashewa."

Ya murɗa makulli, bangon zaure bai haska ba. Ya kai yatsa zai gwada makunnin, na ce ya dakata in shiga ciki tukuna.