Kwabon Sarki Mai Ido Ɗaya

Maigidana ɗan canji ne a bakin Haramin Makka, shekarun bayan babban yaƙin duniya. Alhazai na kawo kuɗin kowace ƙasa, amma shi abin da ke ɗauke masa hankali tsofaffin kwabban azurfa ne waɗanda ba sa sayen ko biredi. Yana tara su cikin gwangwanin shayi. Ni kuwa haushi suke ba ni, don yakan bar tuwo ya huce yana goge su.

Wata shekara, kwana biyu kafin hawan Arfa, ya dawo da wani kwabo siriri kamar ɓawon albasa. Gefe guda hoton kan wani sarki ne ya juya fuska, ido ɗaya ake gani, ɗaya gefen kuma alamar gicciye. Ya ce wani tsoho mai shuɗin ido daga ƙasashen ƙanƙara ya ba shi kyauta. Wai mahaifin tsohon ne ya tono shi da garma cikin tukunya, kusa da ƙasusuwan mutanen da, masu yawo a jiragen ruwa. Tsohon ya ce ba zai tsaya a Arfa da shi ba.

"Malam," na ce, "shi ya ƙi tsayawa da shi, kai ka kawo mana gida? Hoto da gicciye, kayan kabari, a Makka?"

"Ya sheikha, azurfa ce kawai. Dubi nan." Ya nuna mini wasu ƙananan sare-sare a kumatun sarkin. "Da tsinin wuƙa suke gwada ta, yadda nake yi. Wanda ya yi su ɗan canji ne irina."

Tun daga nan ya canza. Da rana tsaka, ana zafin da ko ƙuda ba ya tashi, sai ya nemi bargo. Ya rame. Yakan zauna ya kafa wa kwabon ido, ya ce yana jin ƙanshin jiƙaƙƙen itace, mu da muke shekara ba mu ga ruwan sama ba. Wata rana ya ce saran ya ƙaru da ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai, na ga mijina zai tafi ina kallo.

Ban yarda in jefar ba, kada wani ya tsinta. Na sace shi, na haɗa da tsohon warwarona, na kai wa maƙerin azurfa a unguwar Utaibiyya ya ƙera mini sabo, na tsaya har na ga fuskar ta narke. Na dawo gida ina ganin na yi dabara.

Da na faɗa wa Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi sabon warwaron a hannuna ya ce, "Khalas, shi ke nan. Da yana cikin gwangwani, ana iya fitar da shi. Yanzu ta ina za ki ware shi?"

Ya warke, ya ƙara shekara goma sha wani abu, amma bai sake buɗe gwangwanin a gabana ba, bai kuma sake riƙe wannan hannun nawa ba.

Ranar da na cire warwaron zan shiga takaba, na ga ɗan sara ta ciki, irin na tsinin wuƙa. Na aika aka tambayi maƙerin. Ya ce shi da dutse yake gwada azurfa, bai taɓa sa mata wuƙa ba.