Birin da ya koyi Hausa

A gidanmu na Kahu, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Da an idar da magariba an kwashe tuwo, Iya Habi, mahaifiyar babanmu, takan hana a kashe wutar murhu. Sai ta tura ɗanyar masara cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta. Sunanta na ci, shi ya sa ba ta kira na sai da takwara.

Shekarar da na shiga sakandare a Rano, a wurin gwaggota nake zama, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Wata rana malamin Turanci ya rubuta "the sugar has run out" a allo, ya ce in fassara. Na san kowace kalma, don haka na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce, "Sikari ya fita da gudu." Aji ya ɗauka da dariya, har malamin sai da ya juya baya yana danne tasa. Ashe nufin shi ne sikari ya ƙare. Kafin a tashi, sunana ya koma Sikari.

Da na zo gida na ce na bar makaranta. Babanmu ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Ba zan kai ki da igiya ba. Ki yi tunani kafin Lahadi."

Iya ta ji komai tana juya masara. Ta ce, "Takwara, shi sikarin da ya fita, an kamo shi kuwa?" Ƙannena suka fashe da dariya, ni kuwa na cika na yi fam. Sai ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan tafe, ku buɗe mata hanya." Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai wani biri ne yake zama a kan tsamiyar bakin rijiya yana sauraron mata, har ya tsince Hausa kalma bayan kalma. Ya sauko ya nemi aiki a gidan wani manomi, aka ɗauke shi. Ranar farko matar gida ta ce ya sa ido a kan tukunya. Biri ya cusa fuska cikin tafasasshiyar miya, ya fito yana ihu. Washegari maigida ya ce ya ja wa ɗansa kunne kan wasa da wuƙa, biri ya kama kunnen yaro ya yi ta ja, sai da aka ɓamɓare shi. Ranar da aka ce a zo a tafi cin kasuwa kuwa, da cokalinsa ya fito.

A nan Iya takan sake murya ta yi ta biri. "Wayyo ni! Mutanen nan bakinsu na gabas, nufinsu na yamma. Dawa zan koma!" Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tare shi a hanya. Ta ce, "Ɗan nan, kalmomi ka tsinta, ba ka zauna da masu su ba. Koma ka zauna. In an yi magana, dubi fuskar mai ita, ka dubi abin da ke hannunsa."

Biri ya koma, ya rage baki, ya ƙara kallo. Ana nan sai wasu birai suka yi ɓarna a gonar maƙwabta, aka ɗora masa laifin. Da la'asar ya ji mutum biyu a bayan danga suna cewa, "Gobe sai mu raka baƙon nan garin da ba a dawowa." Da a da ne, da guzuri zai haɗa yana murna. Sai ya leƙa, ya ga ba mai fara'a a cikinsu, ga kulki a hannun ɗaya. Ya ruga ya faɗa wa maigidansa, maigida ya tsaya masa har gaskiya ta fito.

"Ƙurunƙus," in ji Iya, "mai gyangyaɗi ba shi da rabon masara." Ta miƙo mini wadda ta fi gasuwa. "Ke kin taɓa ganin wanda ya sha iska ya ƙoshi? Amma kullum kina faɗin haka. Su ma Turawan haka suke karkata harshe. Koma ki zauna da abin."

Ranar Lahadi na hau mota na koma. Sunan Sikari ya bi ni har na gama, amma na daina tsinka jimla ina auna kalmominta ɗaya-ɗaya. Na koyi kama su a dunƙule, tare da inda ake faɗarsu. Yau aikin jinya nake yi a Kano, kuma rabin maganata da likitoci irin wannan karkataccen Turancin ne.

Na daɗe ina ɗauka darasin Turanci Iya ta ba ni. Sai ranar da baffana ya kira ni ina bakin aiki. Muka gaisa, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Habiba, in da hali ki zo gida yau. Iya ce take son ganinki." Ba kalma ɗaya mai ban tsoro a ciki. Amma baffa bai taɓa kira na da rana tsaka ba, kuma a bayansa ina jin muryoyin maza da yawa, ƙasa-ƙasa, a gidan da mata ne ke cika shi da hayaniya a wannan lokaci.

Ban tambaye shi ya jikin nata ba. Na ce, "Baffa, ƙarfe nawa za a kai ta?"

Ya ce, "Bayan la'asar. Za mu jira ki."