Ƙafar Rabe da Gardamar Sanduƙi

Rabe Ɗaso ya shekara goma sha tara yana ɗaukar ruwa a Jarwal, wata unguwa a Makka. Mutumin ƙasar Kazaure ne. Ya taso a ƙafa, ya yi shekara huɗu yana tsinkar auduga a Sudan, sannan ya tsallaka teku. Da ya sauke farali sai ya ce bari ya ɗan huta kafin ya juya gida, hutun ke nan har furfura ta cim masa. Takardar zama ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Abin da ya mallaka garwa biyu ne da sandar gora, da gidaje goma sha ɗaya da yake kai wa ruwa daga famfon unguwa, sai kuma baki. Bakin nan kuwa in ya buɗe shi a gahawa, wurin shan shayin unguwa, bayan la'asar, shayin mutum kan huce bai kurɓa ba.

'Yan garuwa Hausawa na Jarwal suna da wata al'ada da suke kira karɓa. In ɗayansu ya kwanta ciwo, sauran sai su raba gidajensa, kowa ya ƙara sawu ɗaya a kan nasa, abin da masu gida suka bayar a kai wa matar marar lafiya. Ta haka murhu ba ya mutuwa, gidajen ma ba sa faɗawa hannun wani. Rabe ya ɗaukar wa mutane da yawa, kuma yana ji da al'adar nan sai ka ce shi ya haife ta.

A watan Rajab na 1384 Hijira, Salihu ya zo da sabuwar magana. Ɗan wani aminin Rabe ne da ya rasu, shi ma ɗan garuwa, haifaffen Makka, mai iƙama, wato takardar zama, Hausarsa rabinta Larabci. Ya ce a buɗe sanduƙi, wato asusu, kowa ya riƙa jefa ƙirshi biyu duk Juma'a, a daidaita da wani likita a unguwar Tandabawi ya riƙa duba duk wanda ya kwanta.

"Ya ammi, karɓa tana ciyarwa, amma ba ta warkarwa," in ji Salihu. "Babana da cikinsa a ƙoshe ya mutu. Ibra uku kawai yake buƙata, allura uku."

"Allah ya jiƙan babanka, kwanansa ne ya ƙare," in ji Rabe. "Shi likitan naka ba rubuta suna yake yi ba? Kai mai takarda ne. Mu in sunanmu ya hau littafi, sai jirgin Jidda, a mayar da mu gida."

"Wallahi ba ya tambayar iƙama."

"Yau bai tambaya ba."

Kowannensu da gaskiyarsa, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Kafin sati biyu gahawa ta rabu, 'yan sanduƙi a bencin dama, 'yan karɓa a na hagu, mai shayi yana zirga-zirga a tsakani. Wani ya ce a ɗauki wanzami maimakon likita, aka yi masa dariya. Wani ya ce a bari sai bayan Hajji. Daga nan samarin suka ce ba za su ƙara ɗaukar wa kowa sawu ba sai an yarda da sanduƙi, dattawan suka ce ko rabin ƙirshi ba za su jefa ba. Aka wayi gari tsohon ya tsaya, sabon bai tashi ba, an yi biyu babu.

Ana cikin haka, a Sha'aban, gefen wata tsohuwar garwa ya yanki Rabe a ƙwauri. Ya tofa, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da harkarsa. Ciwon ya ƙi kamewa, ya buɗe baki ya zama gyambo. Matarsa Ummulkhairi, mai tuyar waina a ƙofar gida, ita ke wanke masa da ruwan gishiri.

"Malam, ƙafar nan ta fara wari," ta ce. "Ka kwanta mana a karɓa maka."

"Wa zai karɓa? Yaran sun ce sun daina."

"To ka je wurin likitan Salihu."

"In je, gobe a ce shugaban 'yan karɓa ya bi ta bayan gida ya sha allura? Bari gardamar ta mutu tukuna."

"Gardamar maza tana mutuwa ne?"

Rabe ya saɓi garwarsa ya fita. Tsoro yake ji, kada ya kwanta gidajensa su tafi, amma girman kai ya fi tsoron yawa. Ya san ranar da aka ga ƙafar nan, ita Salihu zai ɗaga a gahawa ya ce ga hujja. Sai ya saki wandonsa har idon sawu, ya koyi tafiyar da ke ɓoye ɗingishi. Duk watan azumi haka ya yi ta hawa matakalan dogayen gidajen nan da garwa biyu a kafaɗa, ya sauko ya je bencin hagu ya fi kowa ɗaga murya. Ni dai ban taɓa jin mutumin da ya yi wa ra'ayinsa hidima irin wannan ba.

Kwana shida bayan ƙaramar Sallah, jiri ya ɗebe shi a hawa na uku na wani gida, ya gangaro shi da ruwan gaba ɗaya. Salihu ne mafi kusa. Da ya ɗaga ƙafar wandon ya gani, sai ya goya shi zuwa bakin titi. A asibiti aka ce an makara, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa, aka kuwa yanke. Maganar takarda da Rabe ya shekara goma sha tara yana gudu ta taso daga baya, mai gidan da ya faɗi a ciki ya tsaya masa, ta wuce.

Da aka dawo da shi gida, Salihu ya zo da hantsi, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ya ammi, an zauna jiya. Khalas, an gama. Gidajenka mun raba, ni na ɗauki biyu. Sanduƙi ma an buɗe, kuma likita ya yarda ba suna, ƙwayar goro za a riƙa nuna masa a matsayin alama."

Rabe ya ɗan yunƙura a kan gwiwar hannu, idonsa ya kawo haske kamar dā.

"To wa ya ci? Mu ko ku?"

Salihu ya sunkuyar da kai. Ummulkhairi da ke juya waina a waje ta tsayar da hannu.

"Ba wanda ya tambaya," in ji Salihu. "Zaman bai kai shan shayi ɗaya ba."

Rabe ya daɗe yana kallon inda mayafi ya kwanta shafe a kan tabarma. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda babu wanda za a ɗora wa.

"Shan shayi ɗaya," ya ce a hankali. "Ashe tun Rajab ma da mun iya."