Ɗan Tauri a Ɗakin Tiyata

Ni ce majo ta ɗakin tiyata a wani gidan likita na Yamai, wato babbar ma'aikatan jinya, kuma duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba na wasa da kayan kariya. In babu hula ko takunkumi ko safar hannu, wadda muke kira gan, ƙofa tana bayanka, ko kai wane ne. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana ba ni ciwon kai, shi ma don Allah ya yi shi Bagobiri, ni kuwa ubana Bazabarme ne na Yantala. Mu da Gobirawa wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi, ba a kai ƙara. Ya ce ni baiwarsa ce, in ce shi ne bawana.

Aikinsa taimaka wa likitan ƙashi, kuma ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ƙa'idarmu a aikin ƙashi gan biyu ake sawa, ɗaya kan ɗaya, shi kuwa ya kafe a kan ɗaya. Ya ce biyu suna kashe masa jin yatsu, ga gumi in kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ta mutu. Wannan na yarda da shi, kowa yana jin haka. Amma ainihin dalilin daban ne. Gidansu ƴan tauri ne, tun yana yaro kakansa ya ba shi maganin ƙarfe ya sha, ya yi imani babu wuƙa ko allurar da za ta ci jikinsa. Rigakafin ciwon hanta ma ya ƙi zuwa, wai allurar za ta lanƙwashe a yi asara.

Na taɓa ce masa, "Kai bawana, in ƙarfe ba ya cin ku, wa ya yi maka wannan tsage a kumatu? Kyanwa?"

Ya ce, "An yi shi tun kafin in sha, baiwar banza." Aka yi dariya, aka wuce, gan ɗinsa yana nan ɗaya.

Wata rana da hantsi aka kawo wani saurayi, mota ta banke shi a kan moto, wato babur, kusa da kasuwar Lazare, ƙashin cinyarsa ya farfashe. Gwajin jininsa ya nuna ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini, wanda in ya shiga mutum sai ya kwasa ya kai wa iyalinsa bai sani ba. Ranar hannu ya yi ƙaranci, ni kaina na wanke hannu na shiga aikin, ni ce mai sa wa mutane gan.

Na sa masa na farko. Ya juya zai wuce, na buɗe na biyu na sha gabansa.

"Majo, matsa, likita yana jira."

"Ya jira. Yau ko ka sa hannunka a nan, ko in sa a kira wani."

"Ke kin san ni."

"Na san ka sarai. Bagobirin da ba ya tsoron wuƙa, ga shi yana gudun roba."

Raina a ɓace yake, ba wasa nake ba, amma da bakin wasa na faɗa, don na san nan ne ba shi da mafita. Da wata ce ta tsare shi haka, da sun yi ta. Likita ya ɗaga ido ya dube mu. Bawan nawa ya yi tsaki cikin takunkumi, ya zura hannu.

Aiki ya yi nisa, likita ya ce wa bawan nawa ya laluba masa wani guntun da ya ɓuya cikin nama. Ya sa yatsa, sai na ga kafaɗarsa ta zabura. Ya zaro hannu. Gan na sama ya tsage daga kan manuni har gaɓa, jini ya cika tsagin. Ba allura ba ce, ba wuƙa ba, tsinin ƙashin da ya karye ne. Kakansa bai ba shi maganin wannan ba.

Na ce ya fita, ya cire na ƙasan a hankali, kada ya jefar. Ido ba ya ganin ƙaramar huda, sai an cika gan da ruwa an matsa. Wani ya maye gurbinsa, muka ƙarasa aikin, hankalina rabi a kan tebur, rabi a waje.

Da na fito na tarar da shi tsaye gaban pampo. Ya wanke hannu har ya yi fari, gan ɗin kuwa yana cikin tasa, bai taɓa shi ba. Duk tsawon lokacin nan ya kasa gwadawa.

Na ɗauraye gan ɗin, na cika shi da ruwa, na murɗe bakin, na share bayan da auduga. Na bi yatsun ina matsawa, na bar manunin daga ƙarshe. Ya kumbura kamar nonon akuya. Na ƙara matsawa, na ɗaga shi saitin fitila, muka zuba masa ido mu biyu. Ko ɗigo bai fito ba.

Na buɗe baki zan yi masa abin da na tanada, don na tanadi magana mai yawa. Sai na ga ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango yana kallon yatsansa. Wurin ya ɗan lotsa, fatar ba ta fashe ba.

Ya ce, "Majo, jaririna haƙori yake fitarwa. Kullum na koma gida, wannan yatsan yake kamawa ya sa a baki."

Na kashe pampon, na zauna kusa da shi.