Kason Layyar da Aka Ajiye Masa

Shekarun baya, lokacin da aka turo ni Dakoro koyarwa a lise, wato babbar sakandare, fastonmu ya ɗora mini kula da ɗalibai Kirista na kolej da na lise. Ba mu da yawa, tabarma biyu ta ishe mu. Ran Laraba da yamma muke haɗuwa a gidan da nake haya, mu yi waƙa, mu karanta Littafi Mai Tsarki, mu yi addu'a. Ni kuwa a lokacin gani nake kowace tambaya amsarta tana aljihuna.

A cikinsu akwai wani saurayi ɗan ajin ƙarshe, daga wani ƙauye wajen Sabon Maci. Kamar sauran 'yan ƙauye masu karatu a gari, gidan mutane aka sauke shi, wurin wani dattijo Musulmi, dillalin dabbobi, aminin kakansa. Shekara da shekaru yana ciyar da shi, bai taɓa hana shi zuwa majami'a ba. "Ɗana" yake ce masa.

Sai babbar salla ta zo. Kun san yadda ake yi a nan, ranar salla a jera raguna a kan itace a kewaye wuta, washegari a raba. Saurayin ya wuni yana iza wutar. Da gari ya waye dattijon ya ware masa kasonsa da hannunsa, a gaban 'ya'yansa da baƙi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, bana ba zan ci ba." Ashe ya karanta wani wuri a Littafi Mai Tsarki da ke magana a kan naman hadaya, zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Bayan 'yan kwanaki dattijon ya aiko a gaya wa saurayin, in an tafi hutun Kirsimeti ya nemi wani masauki. Daga ranar "ɗana" ya ɓace, ya koma "ɗan lakwal ɗin nan", wato ɗan makaranta kawai.

Kai, hankalina ya tashi! Uban saurayin ba shi da halin kama masa ɗaki, ni kuma ɗaki ɗaya gare ni, ga mata ga jariri. In ya rasa gidan nan, jarrabawar bak, ta kammala lise, ta wuce shi ke nan. Na zaunar da shi na jero masa ayoyi, ina nuna masa babu laifi ya ci. Ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, ba kai ka ce kada mu yi abin da zuciyarmu ba ta amince da shi ba?"

Na koma bin dattijon. In shirya magana tun daga gida, in same shi a kasuwar dabbobi, mu gaisa, sai in tsinci kaina ina tambayar kuɗin tumakin da ba zan saya ba. A aji ina rubutu a allo, hankalina yana can. Matata har ta ce, "Wai kai aka kora ne?"

Ana gab da hutu muka sayi akuya don walimar Kirsimeti. Al'adarmu ce mu kai wa Musulmi ya yanka, don Musulmin abokan karatun ɗalibanmu su iya ci tare da mu. Na ce, "To, wa zai kai ta?" Saurayin ya daɗe yana kallon akuyar. Can ya ce, "Malam, mu muna wannan wahalar don kada su ƙi namu, ni kuma na ƙi nasa a gaban mutane." Ya kwance igiya ya ja ta. Na bi shi.

Muka tarar da dattijon a ƙofar gida. Saurayin ya durƙusa ya ce, "Baba, yanka muka kawo maka." Dattijon ya dube shi, ya dubi akuyar, ya ce, "Kai ba ka cin nawa, ni zan ci naka?" Ayoyin da na haddace ko ɗaya ba ta zo mini ba.

Sai dattijon ya ce a miƙo wuƙa. Da ya gama yanka ya wanke hannu, ya leƙa cikin gida ya kira uwargidansa. Ta fito da 'yar tukunya a rufe, soyayyen naman layya ne kwance cikin mansa. "Kasonka ne," in ji dattijon. "Na hana kowa taɓawa."

Saurayin ya sa hannu ya ɗauka, yana ci hawaye na zuba. Dattijon ya kau da kai ya ce, "Ɗana, ci a hankali, ba mai ƙwace maka."

A gidan ya rubuta bak ɗinsa. Har yanzu ina aiki da ɗalibai, kuma na rage saurin ba da amsa. Amma duk lokacin layya sai wancan tashin hankalin ya ɗan dawo mini. Nakan tuna duk kwanakin da nake zarya a kasuwa ina neman abin faɗa, tukunyar nan tana ɗakin tsohuwa a rufe, tana jiransa.