Tuwon Fursuna a Gidan Gandiroba

Yayata Enelesi da farin gari ta yi suna a ƙauyenmu na gindin dutsen Dedza. Tun tana budurwa mahaifiyarmu ta sakar mata turmi. Za ta surfe masara har sai babu ɗigon dusa, ta jiƙa ta kwana da kwanaki, ta wanke, ta shanya, ta kai inji, ta dawo ta sake baza garin a tabarma ya sha rana. Ranar shanya, in ka bi ta ƙofar gidanmu sai ka kare ido da hannu. Mata kan turo 'ya'yansu su gani, in sun koma gida a yi musu gori. Ni da nake ƙaninta aikina ci ne, kuma ban taɓa yin sakaci da shi ba.

Da wannan tuwon ta kama Zakeyo. Gandiroba ne, dogo mai gashin baki, ya yi shekaru yana gadin fursunoni a birni, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu ya zauna, yadda kowane miji yake zama a garin matarsa a wajenmu. Gonar ta Enelesi ce, filin gidan na kakarmu ne. Nasa na kansa keke ne da rediyo da akwatin ƙarfe. Ba wanda ya taɓa tuna masa da wannan, amma shi bai taɓa mantawa ba.

Ta ciyar da shi kamar hakimi. Shayi da suga har cokali ya kusa tsayawa, tuwo fari tas malmala kan malmala, ganye yana ninkaya a mai. Da safe kuma ga soyayyar ayaba mai zafi, irin wadda take sayarwa a bakin titi, wadda da ita ta kai 'yarsu Tiyese makaranta har ta gama. Ni ne wakilin aurenta, kawunsa Sandifolo kuma wakilin nasa, amma ba a taɓa kiranmu sulhu ba. Har na fara ganin muƙamin nan nawa na banza ne.

Sai Zakeyo ya fara shan ruwa kamar rani ya shiga cikinsa, yana ramewa alhali bai rage ci ba. Wata rana ya yi tuntuɓe a hanyar gona, babban yatsansa ya fashe. Ciwon da yaro zai manta da shi kafin Lahadi, shi ya zama masa gyambo, ƙafar ta kumbura har ya daina takawa. Ni na ɗauke shi a bayan keke zuwa asibitin yankinmu, Enelesi tana biye da mu a ƙasa.

Malamar asibitin ta auna jininsa ta ce ciwon suga ne, ga kuma hawan jini. Ta wanke gyambon, ta ba shi ƙwayoyi, sannan ta faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana: in abincin gidan bai canja ba, magani kaɗai ba zai riƙe ƙafar nan ba, ƙarshenta wuƙa ce.

A hanyar dawowa Zakeyo ya ce da ni, "Ka ji yarinyar nan? Ko Tiyese ta girme ta. An ba ni ƙwaya, zan sha ƙwaya, magana ta ƙare."

Enelesi ba ta gaya wa kowa abin da ta ƙudura ba. Yayata ba mai dogon bayani ba ce, kuma wannan halin nata ya kusa jawo mana bala'i.

Washegari ta ɗauki masara yadda take, ba surfe ba jiƙo, ta kai inji. Garin da yake fitowa haka muna kiransa mgaiwa, mai duhu ne, da dusarsa da komai. Shi ake tuƙawa a makarantun kwana da gidan yari, da kuma gidan da yunwa ta shiga. Matan da ke layi suka zuba mata ido. Wata ƙawarta ta matso ta raɗa mata, "Uwar Tiyese, in rumbunku ya yi ƙasa ki faɗa mini, ba sai duniya ta ji ba." Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen ƙauye, wai gidan Enelesi sun talauce.

Ba ta kula kowa ba. Ta ɗauke kwalbar mai, ta koma daka gyaɗa tana barbaɗa garin a ganyen kabewa har miyar ta yi kauri. Gishiri ta rage shi sosai, ta cike gurbinsa da tumatir da albasa. Ƙananan kifin nan busassu da take soyawa, ta koma dafa su. Malmalar tuwo ta ƙanƙance, wake da ganye suka cinye rabin faranti. Gwangwanin suga kuwa ta ba maƙwabta.

Abin karin safe ne ya fi ba ta wahala. Ta san mutumin da ya saba da soyayyar ayaba ba zai yarda da shayi tsura ba. Sai ta koma wa chigumu, wainar masarar nan da ake gasawa a tukunya, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ta cire suga, ta cire mai, ta kwaɓa da mgaiwa. Na farkon da ta yi, ni ta ba ɗanɗano. Na ce, "Yaya, ki ajiye wannan, ana neman bulo a ginin coci." Ta jefe ni da muciya. Na biyu ya ƙone a sama, cikinsa ɗanye. Haka ta yi ta fama, har ta gano sai ayabar ta nuna ta yi baƙi-baƙi sannan take ba da zaƙin da ake so, ɗan garin gyaɗa ya tsaya a madadin mai, nono mai tsami da 'yar kanwa su tashe shi. Ranar da ta ci nasara, ƙamshin ya fito da ni daga gidana ba takalmi.

Zakeyo fa bai ko taɓa shi ba. A wajenmu maza a rumfa suke ci, mata a madafa. Takan ajiye masa faranti ta durƙusa ta koma. Shi kuma ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya ɗan tsakuri ganye, ya rufe. Ya daina kunna rediyo, ya daina tsokanata. Ƙafar tana ƙara wari, mutumin yana ƙara bushewa. Sai wata safiya ya aiko in zo, na tarar ya jawo akwatin ƙarfensa bakin ƙofa, ya kuma aika wa kawunsa. Na san mutumin da ya bar gidan nan da wannan ƙafar ba zai dawo da ita ba.

Muka zauna gindin mangwaro da hantsi. Kawu Sandifolo gajeren tsoho ne mai sanda da malfa, wanda bai taɓa barin gidan mutane da yunwa ba. Enelesi ta zauna a tabarma gefe, kanta a sunkuye. Zakeyo ya miƙe ƙafarsa mai naɗi a kan kujera ya fara.

"Kawu, duk shekarun da na yi ina aiki, a gabana ake tuƙa wannan baƙin tuwon a rabin duro, a raba wa masu laifi. Mu ma'aikata fari muke ci. Na san abin da ake nufi in an ajiye wa mutum shi. Ta ga na kwanta, ba na noma, ba na kawo komai. In ta gaji da ni ta faɗa, ba sai ta mai da ni fursuna a gidanta ba, ita tana madafa tana cin fari."

Kawu Sandifolo ya gyaɗa kai, ya juya wajen yayata. "'Yata, kin ji. Ni da ke mun san yadda mace take sallamar miji a ƙasar nan. Ba ta buɗe baki. Mai take fara janyewa, sannan gishiri, sannan tuwo ya canja launi. Mai hankali ya ɗauki kayansa tun bai ji kunya ba. To ke duka ukun kika haɗa masa lokaci guda."

Gaskiya ya faɗa, kuma sai a lokacin na kalli lamarin da idon Zakeyo. Na buɗe baki zan kare ta da maganar asibiti, ta ɗaga mini hannu.

"Baba," ta ce, "ga madafar can. Ku shiga da kanku. In kun sami farin gari ko cikin cokali ne, ni zan ɗaukar masa akwatin har tasha."

Namiji, suruki kuma, ba ya shiga madafar matar ɗansa. Amma tsohon nan ya dogara sandarsa ya shiga. Muna jin ƙarar murafe, yana buɗe wannan yana rufe wancan. Ya daɗe, har na fara tunanin ko hayaƙi ya kayar da shi. Da ya fito bakinsa cike yake, ga wani yanki na chigumu a hannunsa.

"Babu fari," ya ce da ƙyar, yana tauna. "Na duba har ƙarƙashin kwando. Randar jiƙon masara ma ruwan sha ne a ciki."

Sai Enelesi ta ɗago kai ta dubi mijinta. Muryarta ba ta ɗaga ba.

"Baban Tiyese, da korarka nake so ai na san hanya mai sauƙi. Sai in ci gaba da tuƙa maka fari, in tsiyaya maka mai, in cika maka shayi da suga. Ba da akwati za ka bar gidan nan ba, a kafaɗar maza za ka fita, kuma duk ƙauyen nan za su ce ba a taɓa mace mai kula da miji irina ba. Farin gari shi ne kaɗai abin da aka san ni da shi tun ina yarinya. Na bar shi, ana yi mini dariya a inji, don na fi son ƙafarka."

Ta tashi ta shiga madafa, ta fito da faranti ɗaya: tuwon mgaiwa, wake, ganyen kabewa da gyaɗa. Ta ajiye a gabansa. Maimakon ta durƙusa ta koma, sai ta wanke hannu ta zauna kusa da kujerarsa, a gaban kawunsa, a gabana, ta gutsuri tuwon ta kai baki. Tun aurensu bai taɓa ganin ta tana ci ba.

Zakeyo ya yi ta kallon hannunta yana zuwa yana dawowa. Can ya jawo kwanon ruwa ya wanke hannu.

"Gishirin dai babu, Nankhoma," ya ce. Da sunan danginmu yake kiran ta in ransa ya yi sanyi.

"Babu," ta ce. "Matsa hannunka, gefena kake ci."

Ni dai na juya ina kallon mangwaro, don idona ya cika, kuma ba zan bari gandiroba ya samu abin tsokanata ba. Daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko a bikinsu. Kawu Sandifolo ya share baki ya yanke hukunci: akwati ya koma ɗaki, miji da mata su ci gaba da ci a faranti ɗaya, shi kuma zai riƙa zuwa lokaci-lokaci ya duba ko ana bin doka, musamman da safe.

Ba a rana ɗaya aka warke ba. Ya yi ta mita, wani lokacin ya ture farantin, ita kuma ta ture masa shi baya. Yana shan maganinsa, ana kai shi wankin ciwo. Sannu a hankali kumburin ya saɓe, gyambon ya fara tsukewa daga gefe. Enelesi ta ajiye kaskon suya gaba ɗaya, ta koma kai chigumu bakin titi, kuma kafin rana ta take ya ƙare. Matan da suka yi mata jaje a inji suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurinta, wannan aron rariya, waccan gaisuwa, daga ƙarshe a tambayi yadda ake sa gyaɗar. Kusan kowacce tana da mai irin ciwon a gida.

Ruwan farko ya sauka wata safiya, ƙasa ta yi laushi, kowa ya nufi gona. Ina fitowa da fartanyata na hangi Zakeyo ya saɓa tasa, ya miƙi hanya yana taku irin na fareti, ƙafa biyu a ƙasa, ba sanda ba naɗi. Ba takalmi kuma, alhali an gargaɗe shi kada ya ƙara takawa haka. Sai ga Enelesi ta fito a guje da takalman a hannu.

"Baban Tiyese, tsaya! Wani tuntuɓen kake nema?"

Ko bai ji ba ne, ko ya ji ya ƙi, ban sani ba. Ta bi shi ta gefen rijiya, ta bi shi har gangaren rafi, tazarar sai ƙaruwa take. A nan na cim mata, ta dafa gwiwa tana haki, zufa da hawaye sun haɗu a fuskarta, tana dariya.

Ta miƙo mini takalman ta ce, "Ungo, kai ka bi shi. Ni na kasa kamo shi."